Yadda "Da Sauƙi" Ta Je Japan Ta Dawo

Karatuna na boko a aji uku na firamare ya tsaya, kuma ba ni na bar shi ba, shi ya gaji da ni. Saboda haka in aka ce maka na taɓa sa baki a aikin binciken jami'a a ƙasar Sin, har da fassara zuwa Japananci, ka yi dariyarka, ban hana ka ba. Ni ma na yi. Amma dai an yi, kuma a kan teburin cin abincina aka yi, a ɗan gidan da nake haya a Panyu, wata unguwa a Guangzhou, can saman bene, ba lif.

Sana'ata a Guangzhou ba ta da suna mai daɗi. Ni ƙafar wasu ne. 'Yan Kantin Kwari su turo hoton riga ta waya, ni kuma in shiga kasuwar Canaan in nemo ta, in murza yadin, in ja ɗinkin, in yi rigima da mai shago har mu shirya. In jins ake so, in kama hanyar Xintang. Sinancina ba ya cika tafin hannu: nihau in gaisa, lawban in kira mai shago maigida don kansa ya kumbura, sai meyo, wato babu, wadda su suka koya min don kullum ita suke fara faɗa. Da waɗannan da Turancin kasuwa na ciyar da gida shekara da shekaru. In ka tara jarina duka, ƙafa biyu ne da baya ɗaya.

To bayan ne ya ci amana. Wata safiya a Xintang na sunkuya in ɗaga dilar wanduna, sai na ji kamar an soka min ƙusa mai zafi a ƙugu. Na ce gajiya ce. Gajiyar ta kwana, ta yi sati, ta yi wata, ta sami wurin zama ta kawo iyalinta. Na koyi ɗaukar abu daga ƙasa da yatsun ƙafa kamar biri. Na koma salla a kan kujera, ƙofa a rufe. Matakalar benen nan kuwa, ni da ita mun san juna farin sani, kowane hawa da wurin da nake tsayawa in yi kamar ina duba waya.

Asibiti? Ko kusa. Akwai wani abokina ɗan zangon Kumasi da ya shiga asibiti da ciwon baya, aka yi masa aiki, ya koma gida hutawa, har yau hutun yake. Ni kuma na riga na yi wa kaina hukunci: zafi irin wannan ba ya zuwa sai in ƙashin baya ya rugurguje. In likita ya gani zai ce wuƙa. In an ce wuƙa, an ce Kano.

Kano kuwa suna jirana. Matata da ƙanwata sun daɗe da ƙulla yarjejeniya a bayan idona, suka kuma sanar da ni ita a fili: ranar da jiki ya gaza, ranar za a yanki tikiti. Na san abin da aka tanadar min. Farar kujerar roba a ƙofar gida, da rediyo, da jikoki masu karɓar wayata su ce, "Kawo in gyara maka, ba ka iya ba." A nan ina shiga shago a tashi tsaye. Can za a riƙa cewa a yi a hankali, tsoho yana barci. Ba na ƙin gida, Allah ya sani. Kujerar ce ba na so.

Ana cikin haka sai 'yar ƙanwar tawa ta sami gurbin ƙaro karatu a wata jami'a a nan, a fannin gashin ƙashi. Uwarta ta turo ta karatu, ta haɗa mata da aikin leƙen asiri. Duk ƙarshen mako sai ta hawo jirgin ƙasa ta zo Panyu, wai ta yi kewar miyar kuka. Na san kukar ba ita kaɗai take dubawa ba. Sau ɗaya ta kama ni na dafe ƙugu, na ce kaya na ɗauka. Tun daga ranar, da ta shigo ta durƙusa ta gaishe ni sai ta ɗora:

"Kawu, ya bayan?"

"Da sauƙi, Likita."

Shi ke nan. Bahaushe in ya ce da sauƙi ya rufe ƙofa ya sa sakata. Mun ji mutum ya faɗe ta da safe, an yi jana'izarsa da la'asar. Kuma yarinya mai tarbiyya ba ta cewa kawunta ƙarya yake. Sai ta buga wa uwarta ta ce, "Ya ce da sauƙi." Uwar ta ce alhamdulillahi. Kowa ya yi aikinsa, ni na ci gaba da hawa benena da addu'a.

Wata Asabar ta zo da baƙuwa, wata 'yar siririyar yarinya mai gilashi, 'yar ajinsu, daga Japan. Tun a bakin ƙofa ta cire takalmi ta jera su, ta sunkuya min. Na ce a raina wannan an yi mata tarbiyya. Ta ji ana ce min Kawu, ita ma ta ce Kawu, kuma ta faɗe shi daidai kamar a Fagge aka haife ta. Suka baje kwamfuta da takardu a teburina, wai ɗakin kwanan ɗalibai hayaniya ta yi yawa.

Likita ta yi min bayanin aikin, da yake ta san ba zan bar su ba sai na ji. Akwai wasu tambayoyi da aka rubuta da Turanci, gajeru, kowace jimla a ce gaskiya ce ko ƙarya. Da su ake auna ɗaliban lafiya, masu jinya da masu gashin ƙashi, a ga ko sun fahimci yadda ciwo yake aiki a jikin mutum. Baƙuwar tana mayar da su Japananci don ɗaliban ƙasarsu, shi ne aikin digirinta. Malaminsu ya ga Likita tana taya ta, ya ce ita ma ta gwada da harshenta.

"To ai sai ku fassara," na ce. "Mene ne abin tara takardu?"

"Ba haka ake yi ba, Kawu. In an fassara, sai a ba wani wanda bai taɓa ganin na asalin ba ya mayar da shi Turanci. Sai a jera biyun. In maganar ta je ta dawo yadda ta tafi, fassara ta yi. In ta dawo da wata fuska, an yi ɓarin wani abu a hanya."

Wannan na gane shi. Haka nake yi da samfur: in kai riga Xintang, in ga abin da za su ɗinko. Sau nawa na kai riga mai aljihu biyu aka dawo min da mai uku.

"Kuma muna son mu karanta wa wani Hausar mu ji ko tana shiga kunne," in ji ta. "Wanda bai san komai a kan fannin ba."

"Likita, ai kin zo gida. Tunda nake ban taɓa samun aikin da na cancanta kamar wannan ba."

Na gyara zama a hankali, da dabara, na harɗe hannu kamar alƙali. Ta ɗaga takarda ta karanta ta farko da muryar masu labarai:

"Ba a jin ciwo sai an ji ciwo. Gaskiya ko ƙarya?"

"Maimaita."

"Ba a jin ciwo sai an ji ciwo."

"Allah ya ba ki digiri. Ta biyun kuma ba a cin tuwo sai an ci tuwo?"

Ta kalli takardar, ta sake kallo, sai ta kifa kai a tebur tana dariya har kafaɗunta na rawa. Baƙuwa ta ruɗe, tana tambayar me ya faru. Da Likita ta sami numfashi ta yi mata bayani da Turanci: a wurin Bature, abin da kake ji daban, abin da ya sami naman jikinka daban, kowanne da sunansa. Mu kuwa ciwo ɗaya muke da shi, shi ke yin duka aikin. Ka faɗi a babur, ka ji ciwo. Kanka na sara, kana jin ciwo. Sukari ya kama ka, ciwo ne. An ci mutuncinka a gaban jama'a, abin ya yi maka ciwo. Kalma ɗaya kamar ɗan dako ɗaya a babbar kasuwa.

Aka shiga neman mafita. Ni da aka ce in saurara kawai, sai na zama shugaban kwamiti. Na ce a sa azaba. Likita ta ce ɗalibai za su ɗauka tambayar kabari ake yi musu. Na ce a sa wahala. Ta ce wannan duk ɗan Najeriya zai ce gaskiya ne tun kafin ya gama karantawa. Muka bi zafi, muka bi raɗaɗi, muka bi tsami da suka da murɗa. Da na ce zugi, sai baƙuwa ta ɗago kai da sauri.

"Zuki-zuki?" ta ce, tana buɗe yatsu tana rufewa a gefen kanta, kamar abu yana bugawa.

"Zugi!" na ce, na yi yadda ta yi.

Ashe su ma haka suke kiran ciwon da ke harbawa. Na gaya wa Likita ta faɗa mata cewa dama na daɗe ina zargin Japanawa Hausawa ne da suka ɓata hanya. Ta ƙi fassarawa. A ƙarshe ita ce ta warware abinta ba tare da ni ba: ta ajiye rauni ga abin da ya sami jiki, ta ajiye zafin ciwo ga abin da mutum yake ji. Na ce dama abin da nake shirin faɗa ke nan.

Ita ma baƙuwar tana da nata kukan. Wai a harshensu jimla tana son ta yi ladabi, ta kewaya, ta bar wa mai karatu hanyar fita, alhali tambayar so take a ce e ko a'a. Ta kan rubuta layi ɗaya ta goge sau ba adadi, tana tsotsar bayan biro. Mai mayar mata da Turanci gwaggonta ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya can ƙasarsu. Ta waya take tura mata, tsohuwar ta dawo da amsa ba ɓata lokaci, sau da yawa har da faɗa.

Asabar ta gaba aka dawo da Hausar da aka gyara, aka ce yanzu in amsa da gaske. Likita ta karanta:

"Duk inda zafin ciwo ya yi tsanani, to raunin da ke wurin babba ne."

"Gaskiya!" na ce, har da buga tebur. Wannan ai ba sai an tambaye ni ba, a kansa nake zaune.

"Ƙarya ce, Kawu."

"Ke ce dai ƙarya. Wa ya rubuta wannan abin? Ya taɓa ciwo kuwa?"

"Ka taɓa yanka yatsa da gefen kwali?"

"Kullum."

"Ya zafin?"

"Kamar kunama."

"Raunin fa?"

A daidai lokacin wata babbar mota ta wuce a ƙasa, sai babur ɗin lantarkin maƙwabcina ya fasa kuka. Wannan babur ɗin duk layin sun san shi. Ganye ya faɗo masa, ihu. Kyanwa ta gifta, ihu. Tunda nake gidan ba a taɓa yunƙurin sace shi ba.

"Ka ji ko?" in ji Likita. "Haka jiki yake yi wani lokaci. Ƙwaƙwalwa ce mai gadi, ita ke yanke hukuncin a yi ihu ko kada a yi. In ta taɓa tsorata a wani wuri, sai ta riƙa ihu ko da rauni ya daɗe da warkewa. Tsoro da rashin barci da rashin motsi duk suna ƙara mata murya."

"Wato mutum ƙarya yake yi ke nan, ba abin da ke damunsa?"

"A'a. Ihun gaskiya ne, kunnenka ai ya ji shi. Ɓarawon ne ba lalle yana nan ba. Wani lokacin kuma yana nan, shi ya sa ake leƙawa a duba."

Na ce wannan ilimin 'yan boko ne, na ci gaba da faɗuwa a sauran tambayoyin ɗaya bayan ɗaya da ƙarfin gwiwa. Likita ta ce ko da ido rufe na yi canke da na fi haka ci. Na ce ai an ce wanda bai san komai ba ake nema, ni kuwa ba na ha'inci a aiki.

Amma maganar babur ɗin ta bi ni har mako. Ina tsaye a jirgin ƙasa zuwa unguwar Sanyuanli, na riƙe ƙarfe, sai in ji ina tambayar bayana: kai, da ɓarawo ko babu? Sai ya amsa min da ƙusa. In ce to, na ji. Ina so maganar yarinyar ta zama gaskiya, ina kuma tsoron in je a leƙa a tarar ɓarawon har ya kwashe kaya.

Abin da ya kashe ni bakina ne, kamar kullum. Wata Asabar mun ci tuwon shinkafa, baƙuwa tana fama da miyar kuka da cokali tana cewa da daɗi, Allah kaɗai ya san gaskiyarta. Sai ta tambayi Likita wata magana. Wai wace kalma ce nake faɗa duk ranar da suka shigo? Ta riga ta haddace ta: da sauƙi.

Da na yi shiru da an wuce wurin. Sai shaiɗan ya raɗa min in nuna musu wannan hanyar tasu ta kai magana a dawo da ita aikin banza ce.

"Ku gwada da ita mana," na ce. "Kalma biyu ce. Ki ba ta da Turanci, ta mayar Japananci, ta tura wa gwaggo, mu ga ko za ta dawo da aljihu uku."

Suka ɗauka wasa ne, ni ma haka. Likita ta faɗa mata da Turanci, ta ce abin da ake cewa ne in an tambayi mutum jikinsa. Baƙuwa ta yi ɗan tunani, ta rubuta kalma ɗaya, daijobu, ta tura. Muka ci gaba da hira. Ba a jima ba waya ta yi ƙara. Baƙuwa ta karanta, ta ce gwaggo tana tambaya: wanda ya faɗa yaro ne ko dattijo?

"Ki ce mata saurayi ne," na ce.

Baƙuwa ta rubuta dattijo. Na ga kuma ta ɗan ƙara wani abu, tana satar kallon hannuna da ke dafe da gefen tebur. Ita ba ta jin Hausa, saboda haka duk makwannin nan ba ta ji ko ɗaya daga cikin ƙaryata ba. Ido kawai take da shi. Ta ga yadda nake zama kamar mai ajiye ƙwai, ta ga ba na juyowa sai da jikina duka.

Amsa ta iso. Baƙuwa ta karanta, ba ta yi dariya ba, ta miƙa wa Likita wayar. Likita ta karanta ta daɗe.

"To? Me ta ce?"

"Ta ce ta yi shekaru tana jin wannan kalmar a bakin gado, kuma fassara biyu gare ta. In yaro ya faɗa, ma'anarta lafiya lau."

"In saurayi irina ne fa?"

Ta ajiye wayar. Ba ta kalle ni ba, kwanon miya take kallo.

"Ciwo yana ci na, amma kada ku tambaye ni."

Babur ɗin maƙwabci ma a ranar bai ce komai ba.

"Wannan gwaggon ba ta iya fassara ba," na ce. "Ku canja ta. Tsufa ya kama ta."

Ina faɗa ina kaɗa hannu, sai gwiwar hannuna ta ture biron baƙuwa. Ya gangara ya faɗi daidai gaban ƙafata. A ƙa'ida yara ne za su yi tsalle su ɗauka, ba a barin babba ya sunkuya. Ba wadda ta motsa. Tarbiyyar Kano da ta Japan duk suka tafi hutu a lokaci ɗaya. Mu uku muna kallon biro. Ni kuma, da yake jiki ya saba, kafin in yi tunani yatsun ƙafata sun riga sun cafke shi sun ɗago.

Likita ta karɓi biron daga ƙafata da hannu biyu, kamar an ba ta kyauta. Sannan ta durƙusa a gabana yadda take yi in za ta gaishe ni.

"Kawu. Da sauƙi?"

Na buɗe baki in ce babu, Hausar ta ƙi fita. Wallahi ƙi ta yi. Tunda aka haife ni ban taɓa jin namiji ya ce babu sauƙi ba, harshena bai san hanyar ba. Sai na ji kaina na ce:

"Meyo."

Harshe uku aka tara a teburin nan ana ta wahala, gaskiya ta zo ta fita da na huɗu.

Daga nan sai ciniki, shi kuwa fagena ne. Na ce zan je asibiti, amma kada uwarta ta ji sai an ga abin da aka gani. Ta ce ba za ta yi wa Umma ƙarya ba. Na ce wa ya ce ki yi ƙarya? In ta tambaya ki ce ya ce da sauƙi. Ta ce, "Kawu, kai ko kunya." Na ce kunyar ce ai ta kawo mu nan.

Muka je. Na yi wanka na sa babbar riga, don in za a yanke min hukunci a yanke min ina mutum. Likitan wani ɗan gajeren mutum ne mai furfura. Ya yi ta tambayoyi, Likitata tana fassarawa: ko ƙafa tana mutuwa, ko fitsari yana kuɓucewa, ko na rame, ko ina zazzaɓi. Duk lokacin da na fara "da sau..." sai ta ɗaga min gira in haɗiye. Ya ƙwanƙwasa gwiwa, ya ɗaga ƙafa, ya sa na taka a kan dunduniya. Aka zura ni cikin wata na'ura mai ƙara kamar injin niƙa. Ina ciki ina lissafin wace kusurwar ƙofar gida ta fi inuwa, inda za a ajiye kujerar.

Da hoton ya fito ya ɗaga shi, ya nuna nan da can da bakin biro, ya yi magana gajeriya.

"Me ya ce? Yaushe za a yanka?"

"Ya ce ba abin yankawa. Baya ne na mai shekarunka, ya ɗan goge kamar tayar da ta yi tafiya. Ya ce akwai masu irin wannan hoton da ba sa jin komai."

Ka san abin da na ji? Haushi. Na yi wata da watanni ina ɗauke da azabar da ta isa a ba ni lambar yabo, mutum ya duba ya ce tayar da ta yi tafiya.

"Ki ce masa ya sake dubawa. Wataƙila hoton wani ne."

"Kawu, so kake a samu?"

"Ba so nake ba. Amma ko ɗan tsagewa ai a samu, don mutunci."

Ta fassara masa, ashe. Ya yi dariya har da tari, ya dafa kafaɗata. Ya ce zafin nawa gaskiya ne, ba wanda ya ce ƙirƙira na yi. Amma in daina ɗaga dila, in daina sandarewa kamar itace don tsoron motsi, in riƙa tafiya, in riƙa wasu lanƙwashe-lanƙwashe da za a koya min. Na tambayi batun bene. Ya ce benen ma magani ne, in hau a hankali. Wato abin da nake tsine wa kullum shi ne asibitina.

A tashar jirgi Likita ta kira uwarta a gabana, ta faɗa mata komai tun daga amsar gwaggo har biro. Na ji muryar ƙanwata tana fitowa daga wayar kamar an taka wutsiyar kyanwa. Aka haɗa da matata. Aka yi zaman kotu a kaina ina tsaye, ba a ba ni damar kare kai ba. Hukuncin da aka yanke: zan zauna, muddin ina yin abin da likita ya ce, kuma Likita ce shaida. Ranar da na tsallake, tikiti.

Shi ya sa yanzu in ka bi ta wani ɗan lambu a Panyu da safe, za ka ga tsofaffin matan Sinawa a jere suna ɗaga hannu a hankali kamar masu shanya, a ƙarshen layi kuma ga wani baƙin tsoho da hula yana binsu a makare. Ni ne. Sun karɓe ni. Akwai wadda take gyara min ƙugu da bakin mafici, ba ta tambayi izini ba. Ciwon bai tafi ba, kada in yi maka ƙaryar da na saba. Yana zuwa, musamman in na kwana da tunani. Sai in ce masa na ji, na leƙa, ba kowa, ya yi ihunsa ya gaji.

Baƙuwa ta gama aikinta ta koma ƙasarsu, ɗalibansu suna amsa tambayoyinta da Japananci. Na ce a gaishe min da gwaggo, a ce mata ban yafe ba. Ta Hausar kuwa har yanzu Likita tana fama, don ta tura wa wani malami a gida ya mayar da ita Turanci, zafin ciwo ya dawo mata a matsayin zazzaɓi.

Ran Juma'ar da ta wuce ƙanwata ta kira ni, ina tsakiyar Canaan, wani lawban yana rantse min cewa yadin da ke hannuna auduga ce zalla.

"Yaya, ya bayan?"

"Da sauƙi."

Sai ta ce:

"Wanne? Na Kano ko na Japan?"

Na ce ta ba ni minti ɗaya in sunkuya in duba.